Da Bango Muke Farawa

Yaran da ake ɗauka aiki yanzu tambayarsu ɗaya ce: wace manhajar harhaɗa samfuri za a saya, Tacton, Configit ko ta SAP? Tambayar tana ɓata mini rai. A masana'antar da ba a zana na'ura sai mai saye ya kawo oda, kamar masu ƙera injinan siminti, sayen manhaja shi ke zuwa ƙarshe.

A zamaninmu doguwar takarda muke liƙawa a bango. A hagu sassan da kowace na'ura ke da su, a dama ire-iren kowane sashe, sai ƙa'idoji: wannan injin niƙa ba ya tafiya da waccan mota, wannan bututu sai da waccan fanka. Lars Hvam da abokan aikinsa na Jami'ar Fasaha ta Danmak sun tsara hanyar a littafinsu na 2008, amma ni a hannun maigidana na koye ta.

Maigidan nan, Allah ya jiƙansa, yakan kira mai zanen da ya fi kowa daɗewa, ya miƙa masa jan biro, ya hana a buɗe kwamfuta har sai dattijon ya daina soke-soke. Nan ake jin abin da babu shi a kowane kundi. Kuma bai taɓa yarda a cusa komai da komai cikin manhaja ba. Manhaja ta tsaya kan tayin farashi, wato girman masana'anta da manyan injina da kuɗinsu. Zanen ciki na injiniyoyi ne.

Yana yawan kawo zancen manhajar XCON, wadda John McDermott na Jami'ar Carnegie Mellon ya fara a 1978 don harhaɗa kwamfutocin VAX na kamfanin DEC. Ta yi aiki ƙwarai, amma ƙa'idojinta suka kai dubbai, har taɓa guda kan girgiza wasu. Shi ya sa ba ya sa hannu sai an naɗa injiniyan gida da zai riƙa kula da ƙa'idojin.

Da ya yi ritaya aka yaye takardun, aka ɗauko masu ba da shawara daga waje suka riƙa shigar da ƙa'idoji kai tsaye. Kwangila ta ƙare, suka tafi. Yau idan manhaja ta ƙi wani haɗi babu mai sanin dalili, 'yan sashen talla kuwa sun koma Excel ɗinsu.