Ɗori da Tiyata: Tarihin Karayar Yara a Kaduna

Sa'ad da Turawa suka ƙaura daga Zungeru suka mai da Kaduna hedkwatar Arewa a 1917, sun iske wata sana'a wadda ta girme su ƙwarai, watau ɗori. Yaro ya faɗo daga bisa itace, sai a ruga wurin maɗori, ya ja, ya daidaita, ya shafa man shanu, ya jera karare ya ɗaure.

Sau da yawa kuwa a dace. Dalili shi ne ƙashin yaro ɗanye ne, yana haɗewa cikin 'yan makonni, har ya kan miƙe da kansa in ya ɗan karkace. Rabin sunan da maɗora suka yi, a ganina, jikin yaran ne ya yi musu.

Amma akwai karayar da ta fi ƙarfin karare: wadda ke aukuwa dab da gwiwar hannu, irin ta yaran da ke faɗowa lokacin mangwaro. Wurin yakan kumbura, ga jijiyar jini kusa. In aka tamke ɗauri, jini ya tsaya, yatsu su shanye, ko hannun ya yi baƙi ya ruɓe, sai yankewa. Tun 1881 wani likitan Jamus, Volkmann, ya bayyana wannan shanyewa. Hoton ƙashi kuwa an gano shi a 1895, siminti na ɗaure karaya tun 1852.

Kayan aikin sun daɗe kafin su iso ga talakan Arewa. Sai a 1959 aka buɗe Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, inda Kaduna ta riƙa tura karaya mai wuya. Daga 1967 babban asibitin Kaduna ya shiga cikin asibitocin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, har aka tattara su a Shika a 2005. A 2015 Asibitin Barau Dikko, mai sunan likitan farko ɗan Arewa, ya zama na koyarwa.

Aikin da kansa ba dogo ba ne: a sa yaro barci, a mai da ƙashi mazauninsa, a soke shi da siraran ƙarafa biyu ko uku, bayan mako uku ko huɗu a zare. Abin da ke ba likitoci wahala har yau shi ne yaron da aka kawo bayan ya kwana biyar cikin karare.