Turanci a Baki, Tunani a Ina? Tarihin Ajin Turanci a Ƙasar Zazzau

Yau mun nufi Ikara da Maƙarfi da Kudan da tambaya guda: me ya sa yaro zai rera Turanci tiryan-tiryan, amma da ka ce masa "don me?" sai ya yi tsit?

Bari mu koma baya. Da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nassarawa a Kano a 1909, da Hausa aka fara karatu. Turanci sai ƙalilan, irin waɗanda suka shiga Kwalejin Katsina daga 1922, wadda ta dawo Zariya a 1949, yau ita ce Barewa. Ɗaliban kaɗan ne, malami na iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya.

A 1976 gwamnatin Obasanjo ta kawo shirin UPE, firamare kyauta ga kowa. Alheri ne babba, ƙauyuka suka samu makarantu. Sai dai yara sun yi wa malamai yawa, aka ɗauki wasu da horon gaggawa. To, malamin da ke gaban aji maƙil, shi ma Turancin bai zauna masa ba, me ya rage masa? Ya faɗa, a amsa. Manufar ilimi ta 1977 ta ce a koyar da harshen gida a shekarun farko, amma iyaye Turanci suke son ji, tunda sai da shi ake shiga jami'a.

A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 ba su ci ba. An yi ta cece-kuce, amma su ma malaman nan da haddar aka yaye su.

Alhali muna da wata hanyar a gida. A karatun zaure, ɗalibi ya karanto Larabci, malam ya fassara da Hausa, a tsaya sai an gane. Haka Fafunwa ya gwada a Ife daga 1970: yaran da suka yi firamare da Yarbanci ba su gaza a Turanci ba.

Don haka malam, gobe ka tambayi ajinka: me ke karya farashin tumatir a Ikara lokacin kaka? Su yi gardama da Hausa, kowa ya kawo hujjarsa, sannan su rubuta da Turanci. Wanda ya saba neman hujja a kan tumatir, zai neme ta a kan saƙon WhatsApp.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Mu kwana lafiya.