Ƙafar Gaba: Tarihin Gyaran Babur a Jalingo

Lokacin da Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa Jalingo a 1893, bayan ya ci garin Kona da yaƙi da taimakon bindigogin Bafaranshen nan Louis Mizon, doki ne abin hawan mai hali, talaka kuwa sai dai ya taka sayyadarsa. Zamanin Turawa ya kawo keke, musamman Raleigh, shi kuma keke ya haifar da masu gyara a gindin itatuwa, kowa da famfonsa da sifanarsa da kwanon ruwan faci. A hannun irin waɗannan mutane kanikancin babur ya yi rarrafe, domin wanda ya iya ɗaure wuyan keke, ya jera ƙwayoyin boris cikin giris, ya riga ya ci rabin karatun.

Sauran rabin yana ƙafar gaba. Keke ba shi da abin shanye gargada, hannun mahayi ne ke shan wahalar. Babur kuwa yana da nauyi da gudu, dole a sa masa sifirin da shokozoba. Kowane zamani ya zo da irin tasa ƙafar, kuma kowace sai da kanikawa suka zauna suka koye ta da hannu, ba littafi ba makaranta.

A shekarun 1970, musamman bayan kuɗin ƙarin albashi na Udoji ya shiga aljihun ma'aikata, Vespa ce ta yi tashe a garuruwan Arewa. Malamin makaranta da akawu da alhaji mai babbar riga duk sun so ta, don ba ta ɓata tufafi da baƙin mai. Wanda ya zana wa kamfanin Piaggio na Italiya ita a 1946, Corradino D'Ascanio, injiniyan jirgin sama ne, sai ya yi mata ƙafa irin ta saukar jirgi: hannu ɗaya tal ke riƙe da tayar gaba ta gefe guda. Canza taya ya zo da sauƙi, amma tayar ƙarama ce, inci 8 ko 10, kowane rami sai ta faɗa. Idan bushin ɗin mahaɗar hannun ya cinye, taya ta karkace, kan babur ya riƙa ja gefe ɗaya.

Sai kasuwa ta juya. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya sa mota ta gagari ma'aikaci, acaɓa ta zama sana'ar matasa. Ranar 27 ga Agustan 1991 gwamnatin Janar Babangida ta cire Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola, Jalingo ta zama babban birni. Ma'aikata suka yi ƙaura daga Yola, unguwanni irin su Magami da Sabon Gari da Nukkai suka yi ta faɗaɗa, gini ya riga kwalta isa ko'ina. Bayan Suzuki da Yamaha da Honda na Japan, baburan Sin masu araha irin su Jincheng suka cika gari ta hannun 'yan kasuwar Nnewi, daga baya Boxer ta Indiya ta kankane harkar haya, roba-roba kuma ta zama ta 'yan gayu da ma'aikata.

Kusan dukkansu ƙafa iri ɗaya suke da ita: bututu biyu masu ƙyalli suna shiga suna fita cikin kube, da sifirin da mai a ciki. BMW ta Jamus ce ta yaɗa wannan fasali tun 1935. Sifirin ne ke ɗaukar nauyi, man kuma yana bi ta ƙananan huji, shi ke hana babur tsalle bayan ya faɗa rami.

A nan ake gane gwani. Mai babur zai zo ya ce, "Oga, gaban nan yana buga mini." Gwanin ba zai taɓa sifana ba tukuna. Zai matse birkin gaba, ya danna kan babur da ƙarfi, ya saki. Idan ya taso a hankali ya tsaya, lafiya lau. Idan ya yi ta lilo, mai ya tsiyaye. Idan ya nutse har ƙarfe ya daki ƙarfe, sifirin ya gaji. Sai ya shafa yatsa a jikin bututun. Zoben mai da ƙura ta manne masa shaida ce cewa sil ya mutu. Daga nan ya ɗora babur a kan jak, yaro ya danne baya, shi kuma ya kama ƙafafun biyu ya girgiza gaba da baya, ya juya kan hagu da dama. In ya ji ƙas-ƙas ko kan yana maƙalewa a tsakiya, ciwon na boris ɗin wuya ne, shokozoba ba ta da laifi. Bututun da ake zargin ya lanƙwashe kuwa, mirgina shi ake yi a kan abu mai shafe, a ga inda ya ɗaga.

Ƙasar Taraba ba ta raga wa wannan ƙafa. Damina na zaizaye hanyoyin unguwa, hunturu na cusa ƙura cikin sil tana goge shi, ga buhunan masara da doyar Zing da ake labta wa abin da aka ƙera don mutum biyu. Wannan ya jawo dabaru marasa kyau: ɗaure tsumma a bakin sil mai yoyo, cusa guntun bututu a kan sifirin don ya yi tauri, zuba tsohon baƙin man inji da ka. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai a wannan aiki dole a auna, domin in man ƙafa ɗaya ya fi na ɗaya, babur zai karkata a kwana. Man da ke tsiyaya kuma yana iya gangarawa cikin birki, ya mai da ƙaramin gyara sanadin rasa rai.

Ranar 30 ga Afrilun 2012 aka kai harin bam kan ayarin kwamishinan 'yan sanda a Jalingo, rahotanni suka ce mutum 11 sun rasu. Bayan haka gwamnatin Danbaba Suntai ta hana hawa babur a cikin gari, kamar yadda aka yi a Maiduguri a 2011, Kano ma ta hana acaɓa a Janairun 2013. Keke Napep ya maye gurbi. Abin mamaki, mai ƙafa uku na Bajaj jikan Vespa ne, domin da lasisin Piaggio kamfanin na Indiya ya fara ƙera shi, har ya gaji hannu ɗayan nan mai riƙe tayar gaba. Dattawan da suka yi zamani da Vespa sai ga iliminsu ya sake yin daraja, yaran da suka tashi a kan Jincheng suka koma neman sani wurinsu.

A farkon 2024 gwamnatin Agbu Kefas ta sake jaddada haramcin, ta kuma ƙayyade lokacin zirga-zirgar Keke Napep. Yau sana'ar ta rabu biyu: masu gyaran Keke Napep a cikin gari, masu gyaran babur kuma sun fi samun aiki daga ƙauyukan hanyar Lau da Zing da Mutum Biyu, inda babur ke kai mai naƙuda asibiti, ya kai amfanin gona kasuwa. Yaran da ake yayewa a waɗannan shaguna su za su riƙe hanyoyin nan, kuma abin da ya kamata kowane oga ya damƙa musu ranar yaye bai wuce kofin awo da man shokozoba na ainihi da sil mai kyau ba.