Tarihin Wata Tambaya: Me Ya Sa Zazzaɓi Ke Kashe Wani Yaro Ya Bar Wani?

A gida ɗaya sauro kan ciji yara biyu. Ɗaya ya yi masassarar kwana uku ya tashi, ɗayan kuwa ya kama jijjiga, ya suma, kafin wayewar gari ya cika. Mutanen da sukan ce iska ce ta taɓa shi. Likitocin Turai ma sun daɗe suna lalube, gama sunan da suka ba cutar, watau maleriya, asalinsa a harshen Italiya gurɓatacciyar iska ne.

Cikin 1880 ne Laveran, likitan sojan Faransa a Aljeriya, ya ga ɗan ƙwaron cutar cikin jinin majiyyaci. A 1897 Ross ya same shi a cikin sauro a Indiya. Amma abin da ya fi shafar wannan tambaya shi ne aikin Marchiafava da Bignami a birnin Rum, a farkon shekarun 1890. Da suka bincika gawawwaki, sai suka tarar ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa sun cushe da jajayen ƙwayoyin jini masu ɗauke da ƙwaron. Sun ga cushewar, abin da ke manna su ne ya gagare su, ya kuma gagari na bayansu har wajen shekara ɗari.

A tsakanin nan hankali ya koma kan sauro. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a Garki, cikin Jihar Kano ta lokacin, daga 1969 zuwa 1976, ya nuna feshi da magani sun rage cutar ƙwarai, amma ba su katse ta ba. A irin wannan ƙasa ɗaukar ƙwaron ba abin mamaki ba ne. Abin tambaya shi ne wa zai kayar.

Sai a 1995 aka gano ƙullayen gadon da ake kira var. Ƙwaron falsifarum yana da kimanin 60 daga cikinsu, amma ɗaya yake kunnawa a lokaci guda. Kowanne na ƙera furotin irin nasa, wanda ke fitowa a bayan jar ƙwayar jini ya manne ta da bangon jijiya, don kada jini ya kai ta saifa a hallaka ta. In jiki ya gane wannan riga, sai ƙwaron ya sake wata. Babba ya sha ganin rigunan, yaro kuwa baƙo ne gare su duka.

Rigunan kuma ba ɗaya suke ba. A 2012, bincike kan yaran Tanzaniya ya nuna waɗansu ƙullaye ƙalilan ne suka fi aiki a jikin masu tsananin ciwo. A 2013 aka gane furotin ɗinsu na kama wata mariƙa a bangon jijiya, EPCR, wadda ke taimakawa wajen hana daskarewar jini da kumburi. Ke nan ƙwaron ya zauna daidai kan abin da ke tsare jijiyar.

Allurar rigakafin da aka fara yi wa yara a Kebbi da Bayelsa cikin Disamba 2024 tana taron ƙwaron ne kafin ya shiga hanta. Wanda ya kuɓuce mata ya isa jini, da rigunansa 60 yake isowa.