Zuwan Ɗarikar Katolika Gusau da Yadda ta Zauna

Tarihin ɗarikar Katolika a Gusau ba ya rabuwa da tarihin hanyar jirgin ƙasa wadda ta taso daga Zariya ta ratsa Gusau, ta kai Ƙauran Namoda a shekarar 1929. Jirgin ne ya kwaso ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu, galibinsu Ibo, waɗanda cinikin gyaɗa da auduga ya jawo. Su ne Katolikan farko a garin. Wato ke nan, tun asali cocin na baƙi ne, domin Turawan mulki ba su sakar wa mishan mara su yi wa'azi a cikin masarautun Musulmi ba.

A shekarar 1953 aka yanke yankin Sakkwato daga Kaduna, aka danƙa shi ga limaman ƙungiyar Dominikan daga Amurka, ƙarƙashin Edward Lawton. Abin lura shi ne, ko da yake sunan Sakkwato yankin ya ɗauka, Gusau ce ta zama cibiyar aikinsu. Nan cocin Our Lady of Fatima yake, nan kuma sistocin Dominikan daga Kansas suka sauka a 1956 suka kama aikin asibiti da makaranta. A 1964 yankin ya zama dayosis, Lawton ya zama bishop na farko.

Rikicin 1966 ne ya tona raunin wannan tsari. Da Ibo suka gudu Kudu, sai majami'u suka zama kusan wayam, kuma a watan Disamba na shekarar Lawton ya rasu. Wannan ya sa magajinsa, Michael Dempsey, ya ƙara mai da hankali ga 'yan ƙasa, musamman Maguzawan yankin Malumfashi, da horar da katikis cikin harshen Hausa. Aikin ya ɗauki lokaci, amma daga wannan yanki aka sami Gerald Mamman Musa, Bahaushen da ya zama bishop na Katsina lokacin da aka cire ta daga Sakkwato a 2023.

A Gusau kuwa, Ibo sun komo bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Ƙaddamar da shari'ar Musulunci da Gwamna Ahmad Sani ya yi a watan Oktoba na 1999 ta sake tayar da hankalin mabiya, ko da yake gwamnatin ta ce dokar ba ta shafi Kirista ba. Zamfara dai tana nan ƙarƙashin dayosis na Sakkwato, wanda Matthew Hassan Kukah ya karɓi jagorancinsa a 2011.