Kura-kuran da ke hana mai inshora samun diyya

Yawancin masu mota a Nijeriya ba sa tunawa da inshora sai sun hango shingen 'yan sanda, shi ya sa takardar bogi take da kasuwa. Tun ranar 1 ga Janairun 2023 Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗin inshorar dole ta motar gida naira 15,000 a shekara maimakon 5,000, ta kuma ɗaga diyyar dukiyar da aka lalata wa wani zuwa naira miliyan 3. Duk ɗan kamashon da ya miƙo takarda ƙasa da wannan farashi abin tuhuma ne. Ana iya tantance ta da lambar mota a rumbun bayanan NIID na intanet. A kuma sani cewa wannan inshora ɓarnar da aka yi wa wani kaɗai take biya. Gyaran motar mai ita sai cikakkiyar inshora.

Kuskuren da ya fi cin 'yan kasuwa shi ne rage ƙimar kaya don kuɗin shekara ya yi sauƙi. A ƙa'idar inshorar gobara, kamfani yana biya ne gwargwadon kason dukiyar da aka yi wa inshora. Misali, mai shagon atamfa yana da kayan naira miliyan 20, amma ya rubuta miliyan 10. Idan wuta ta cinye kayan miliyan 8, ba miliyan 8 zai karɓa ba, ko da yake asarar ba ta kai adadin da ya rubuta ba. Miliyan 4 za a ba shi, domin ana ɗaukar cewa shi ya ɗauki nauyin ɗaya rabin da kansa. Tsadar kaya ma tana jefa mai gaskiya cikin wannan rami: ƙimar da ta yi daidai shekara uku da suka wuce ba ta kama ƙafar ta yau ba, musamman gab da Sallah lokacin da shago ke cika maƙil. Saboda haka a riƙa sabunta adadin duk shekara.

Haka nan, ranar neman diyya hujja ake tambaya. Rasiɗai da littafin shige da ficen kaya, idan a shagon suke kwana, tare da kayan za su ƙone. A ajiye kwafinsu a gida ko hotonsu a waya. Ɓoye gaskiya wajen cike fom, kamar ajiye fetur ko janareta a cikin shago, yana ba kamfani damar ƙin biya gaba ɗaya. Jinkirin kai rahoto ma haka. Kuma doka ba ta san alkawari ba: wanda bai biya kuɗinsa ba, ba shi da kariya.

Ma'aikata kuwa, dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa wanda ya ɗauke su aiki ya yi musu inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Da yawa ba su gaya wa iyalinsu ba, wasu kuma sunan magajin da suka rubuta tun suna samari yana nan bai canza ba.

Hanyar rage kuɗi ta halal tana nan. A nemi farashi daga kamfanoni biyu ko uku ta hannun dillali mai rajista, wanda kamfani ne ke biyan ladansa. A tambayi rangwamen da ake yi wa wanda ya shekara bai nemi diyya ba, da wanda ya tanadi na'urar kashe gobara. Mai hali zai iya yarda ya ɗauki ƙananan asarori da kansa, a rage masa kuɗin shekara. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai takaful, irin na Jaiz Takaful da Noor Takaful, inda gudummawa ke shiga asusun taimakon juna, kuma idan an samu rara bayan biyan diyya, ana raba wa mahalartan da suka cancanta.