Littafin Maigidana

Yaran da suka shigo aikin nan bayanmu sun ɗauka lasisi takarda ce da ake sabuntawa a rataye a bangon ofis. Wani har tambayata ya yi, wai don me gejin awon daɓen titi zai buƙaci izini, tunda sisiyom-137 ɗin da ke ciki a rufe yake ruf cikin ƙarfe. Yaro, akwatin zai tsufa, kamfanin zai iya rushewa, shi kuwa sisiyom sai ya shekara 30 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Ƙwayar sisiyom ɗin ake bai wa lasisi, da sunan wanda zai amsa tambaya idan ta ɓata.

Sanda muka fara babu NNRA, hukumar da ke ba da lasisin. Dokar kafa ta ta fito a 1995, hukumar ba ta kama aiki ba sai 2001. Ibadan muka sani, sashen kariya daga tururin nukiliya da aka kafa a jami'ar garin a 1964, bayan Faransa ta gwada bam a Sahara. Can ake aika bajon fim da muke maƙalawa a ƙirji, a wanke, a ga yawan tururin da mutum ya sha.

Sauran tsaron kuwa littafin maigidana ne, Allah ya jiƙansa. Geji ba ya fita daga sito sai ya karanta lambar da ke jikinsa da idonsa, ya rubuta wa ya ɗauka, ƙarfe nawa. Direba ya tsaya cin tuwo a tasha da geji a bayan mota, ranar zai ji faɗan da bai taɓa ji ba. 'Yan gwangwan yake tsoro, kuma yana da hujja: a Goyaniya ta Burazil, a 1987, masu tsintar ƙarafa suka fasa kan injin asibitin da aka yasar, mutum 4 suka mutu. Namu ma ya zo, don ƙwayoyin awon rijiyar mai da suka ɓace a Neja-Delta a 2002 sai a Jamus aka gano su cikin tarkacen ƙarfe.

Yau shigowa da izininta, sufuri da nasa, amfani da nasa, kuma ana son alkawarin mayar da ƙwaya ga wanda ya sayar. Madalla. Abin da ke ci mini rai, sai ka ga jami'in kariya ya cike fom ɗin nan duka, bai taɓa leƙa siton ba.